Ruwan Bagajan Zamani: Tarken Labarin Kamfanin da Aka Haifa Don a Sayar

Na fara jin labarin ne a wani zaure a Dutsin-Ma, a taron da aka shirya domin zaburar da ɗalibai kan sana'ar fasahar zamani. Mai jawabin saurayi ne mai zaƙin baki, ya zo daga nesa da kwamfutarsa, ana haska hotunansa a jikin bango. Ya ba mu labarin wasu samari biyu, Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka karanci kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Babcock, suka kafa wani ɗan kamfani mai suna Paystack a Legas a 2015 domin sauƙaƙa wa 'yan kasuwa karɓar kuɗi ta intanet. A 2016 Y Combinator, wata cibiyar renon jariran kamfanoni a Amurka, ta karɓe su. A watan Oktoba na 2020 kuma kamfanin Stripe na Amurka ya saye kamfanin nasu a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200. Da mai jawabin ya ambaci wannan adadi sai ya yi shiru, ya bar shi ya zaga zauren. Aka ɗauki tafi. Labari ya ƙare.

A cikin motar da ta mayar da ni Kurfi da yamma, abin da ya tsaya mini a rai shi ne wurin da ya zaɓi ya ajiye labarin. Daga baya na sake jin irinsa a rediyo, na karanta shi a jaridu, na gan shi a bakin samarin da ba su taɓa taka Legas ba. Sunaye kan canza, adadin dala kan hau ko ya sauka, amma zubin ɗaya ne. Duk labarin da ake maimaitawa da zubi guda, a gaban masu sauraro iri guda, domin a cusa musu wani buri, ya zama nau'in adabi ko da masu ba da shi ba su san haka ba. Tunda ya zama adabi, ya halatta ɗalibin adabi ya ɗora shi a faifan tarke, ya tambaye shi jigonsa, da taurarinsa, da waɗanda ya bari a bayan labule.

Zubin bai da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa kwana a ɗakin kaka. Akwai tauraro, matashi marar gata, ba shi da komai sai kwamfuta da kaifin basira. Akwai matsalar da ta gagari manya. Akwai darare na rashin barci da ƙofofin da aka rufe masa. Sai mai taimako ya ɓullo daga inda ba a zata ba, kamar tsohuwar nan ta bakin rafi a tatsuniya, wadda kan ce wa marainiya ta cuɗa mata baya kafin ta saka mata da alheri. A nan tsohuwar ita ce mai zuba jari, cuɗar bayan kuwa shi ne jawabin 'yan mintoci da matashin zai yi a gabansa don ya gamsar da shi. Wanda ya san fadar sarakunan Hausa zai gane wannan jawabi nan take: kirarin kai ne da aka cakuɗa da roƙo, mutum ya wasa kansa da hajarsa a gaban ubangida har hannun ubangidan ya shiga aljihu. Abubakar Imam ya raɗa wa littafinsa suna Magana Jari Ce tun a shekarun 1930, kuma ban san wata sana'a da ta gaskata wannan suna kamar wannan ba, inda magana kan zama jari tun kafin a sayar da ko allura.

Imam ne ya ba ni ma'aunin da zan auna labarin da shi. Yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933, gasar da ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ruwan Bagaja labarin nema ne. Alhaji Imam ya bar garinsu domin samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke malamin da ya rene shi daga wulaƙancin da aka yi masa a fada saboda ya ce akwai wannan ruwa. A hanya ya yi ƙarya, ya yi damfara, shi da Malam Zurƙe suka yi ta haƙa wa juna rami. Ba waliyyi ba ne, kuma ta wannan fuska ya yi kama da tauraron labarinmu, wanda shi ma dole ya kambama abin da bai riga ya mallaka ba. Amma inda suka rabu ya fi inda suka haɗu muhimmanci. Samun ruwan bai rufe littafin Imam ba. Sai da tauraron ya ɗauko shi ya komo gida, marar lafiya ya warke, wanda aka ƙaryata ya sami gaskiyarsa. Da Imam ya ajiye alƙalami a lokacin da wani attajirin baƙo ya tare Alhaji a bakin rijiya ya saye tulun da zinariya, da kowane yaro ɗan firamare ya tambayi malaminsa: to, ɗan sarkin fa?

Labarin jaririn kamfani a daidai wannan wuri yake tsayawa, kuma ba wanda ke tambaya. Masu wannan harka suna da kalma ta musamman da suke kiran ranar ciniki da ita a Turance, ma'anarta kuwa ita ce fita. Tun ranar da aka yi wa kamfani rajista ake tambayar mai shi ta wace ƙofa zai fita. Labarin Imam ƙarshensa komowa ne, wannan kuwa ƙarshensa fita.

Kunnen Bahaushe ba ya jin wannan ƙarshe yadda kunnen mutumin Kalifoniya ke jin sa. A kasuwar Dutsin-Ma, in aka ce wane ya sayar da shagonsa, abin da za a fara yi shi ne salati, sannan a tambaya ko karaya ce ta same shi ko rashin lafiya. Labarin arzikin da muka gada labarin daɗewa ne. Yaro ya yi wa ubangida hidima shekaru, a yaye shi da jari, shi ma ya yaye wasu. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, amma ana ba da labarinsa har gobe saboda gidan ya ci gaba da ciniki a hannun 'ya'ya da jikoki. Ba ina cewa tsarinmu ya fi ba. Shi ma yana da nasa zalunci, kuma sau da yawa yaron gida kan tsufa bai ga jarin da aka yi masa alkawari ba. Abin da nake nunawa shi ne an fassara mana labarin ba a fassara mana dalilin ƙarshensa ba, alhali kuwa dalilin yana nan, kuma ba na adabi ba ne.

Kuɗin da ake zuba wa irin waɗannan kamfanoni yawanci ba na mai zuba su ba ne. Asusu ne da ya tara daga hannun wasu, bisa alkawarin zai mayar musu da riba cikin kimanin shekara goma. Ya san mafi yawan kamfanonin da ya sa wa kuɗi za su mutu, saboda haka dole ɗaya ko biyu su yi girman da zai biya asarar sauran. Ribar shekara-shekara ba ta ishe shi ba; yana bukatar ranar da zai mayar da hannun jarinsa tsabar kuɗi a dunƙule. Hanyoyin biyu ne: a kai kamfanin kasuwar hannun jari, ko wani babba ya saye shi. A Nijeriya ta farkon ƙunƙuntacciya ce ga irin waɗannan kamfanoni, sai ta biyun ta zama kusan ita kaɗai. Ga kuma dala: wanda ya zuba dala, dala yake jira, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 ta faɗo daga kimanin 460 a kan dala ɗaya zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kamfanin da ya ninka cinikinsa na naira sau biyu ya wayi gari ya ragu a idon mai jarinsa. Wannan shi ne marubucin ɓoye na labarin. Shi ya tsara ƙololuwar, shi ya yanke inda za a ce ƙurunƙus. Mai jawabin da na saurara a Dutsin-Ma yana karanta mana ƙarshen labarin mai zuba jari ne, yana ce mana namu ne.

Aibi na biyu a salo yake. Kalma ɗaya, saye, ana rufe biki da ita, ana rufe makoki da ita. Konga, kamfanin cinikin intanet da Sim Shagaya ya kafa a 2012, ya sha jari mai yawa daga Naspers ta Afirka ta Kudu da Kinnevik ta Suwidin. A 2018 Zinox ya saye shi a kan farashin da rahotanni suka ce bai kai ko kusa da abin da aka zuba masa ba. A jerin sunayen da ake haskawa a bango, Konga da Paystack kan zauna layi ɗaya a matsayin waɗanda aka saya. Waɗanda suka mutu ba mai saye kuwa, kamar 54gene da ya tara dala miliyan 45 kafin ya rushe a 2023, ba sa shiga jerin sam. Marubucin da ya cire duk mamatan littafinsa ya bar masu rai kaɗai, ba ƙarya ya yi a kan masu ran ba, amma littafin nasa ƙarya ne.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ɗalibin adabi shi ne taurarin da labarin ya hana suna. Kuma a nan lamarin ya shigo cikin gidanmu, domin ya shafi rubutun Hausa kai tsaye. Bayan da kasuwar littattafan Kano ta ja baya, marubutanmu, galibinsu mata, suka koma waya. Suna rubuta labari babi-babi suna sakawa a zaurukan WhatsApp, da Facebook, da Wattpad. Na san ɗakunan kwanan ɗalibai mata a Dutsin-Ma inda ake jiran sabon babi kamar yadda iyayenmu suka jira wasan kwaikwayo a Rediyon Kaduna. Wattpad kamfani ne da Allen Lau da Ivan Yuen suka kafa a Toronto ta Kanada a 2006. A 2021 Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a kan kimanin dala miliyan 600. Me Naver ya saya? Manhajar kanta ba ta gagari injiniyoyinsa ba. Ya sayi masu karatu sama da miliyan 90 da ke shiga duk wata, da tarin labaran da ke janyo su. A cikin wannan tari akwai Hausa, akwai dararen da wata matar aure a Funtuwa ko Zariya ta hana idonta barci tana danna waya da babban yatsa bayan yara sun kwanta. Kuɗin ciniki ya tafi ga masu hannun jari, kamar yadda doka ta tanada, ba a saci komai ba. Amma in aka ba da labarin, sunaye biyu ake ambata. Miliyoyin da suka cika tulun da ruwa sun zama adadi a cikin jimla ɗaya.

Ɗaya fuskar kuma ta fi ɗaci. OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai da Okechukwu Ofili ya kafa a Nijeriya a 2013, ya ba marubutan Hausa da dama damar sa wa littafinsu farashi a biya su. Bai sami mai saye ba. A ƙarshen Nuwamba na 2023 ya rufe. Littafin da aka buga a Zariya a 1934 yana nan a kan kantar kakana, bangonsa ya yage amma ana karanta shi. Kantar da aka gina a kan jarin da ke jiran fita, ranar da jarin ya gaji, da ita da abin da ke kanta sukan ɓace a dare ɗaya. Duk mai nazarin adabin Hausa na wannan zamani da bai damu da wanda ya mallaki dandalin da adabin ke zaune a kai ba, zai wayi gari yana nazarin abin da ba ya nan.

Sai kuma muhalli. Kowane malamin zube yana koya mana cewa wuri ba ado ba ne, shi ke yanke abin da tauraro zai iya. Labarin jaririn kamfani yana ɗauka cewa akwai wuta, akwai sabis, akwai hanya, kuma mai saye yana da kuɗi a banki. A watan Satumba na 2021, saboda ta'asar 'yan bindiga, aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, kuma ba a buɗe mana ba sai a Disamba. Ba hukunci nake yi wa matakin ba; wanda ya san abin da ƙauyukanmu suka gani ba zai yi saurin magana ba. Ina faɗin abin da na gani ne. Wani ɗan baffana da ke sana'ar POS a Kurfi ya naɗe lemarsa ya ajiye na'urar a cikin akwati, kusan wata uku. Mutane kan shiga mota zuwa Katsina don kawai su kira ɗan'uwa ko su tura kuɗi. Garin da ke da jami'ar tarayya tun 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da dubban matasa masu waya a hannu, ya koma zamanin aika saƙo da baki. Babu wani babi a labarin mai jawabinmu da zai iya ɗaukar waɗannan watanni uku.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka, a farkon 2023, canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, sai ga ɗan baffan nawa ya zama mutumin da ake layi a gabansa tun da asuba. Masu sayar da hatsi da dabbobi waɗanda ba su taɓa yarda da kuɗin da ba a ƙirga da hannu ba suka koyi karɓar taransifa. A kan irin waɗannan lemomi, a dubban garuruwa irin namu, kamfanoni kamar OPay da Moniepoint suka yi girma. A watan Oktoba na 2024 Moniepoint ya tara dala miliyan 110, har da kuɗin Google a ciki, aka ƙiyasta darajarsa ta kai dala biliyan ɗaya. Ashe muna cikin labarin tun tuni. Matsayinmu ne kawai ba na tauraro ba: mu ne taron kasuwa da ake ambata a jimla ɗaya kafin jarumi ya wuce a kan doki.

Dole in yi wa labarin adalci, domin tarken da ba ya ganin alheri zagi ne. Paystack bai ɓace bayan ciniki ba. Ya riƙe sunansa, ya ci gaba da aiki daga Legas, wasu ma'aikatansa suka fita suka kafa nasu kamfanoni, Akinlade kuma ya kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Sporting Lagos a 2022. Wannan komowa ce, ko da Legas ta komo. Cinikin ya sa masu jarin duniya suka ɗauki matashin Nijeriya da muhimmanci, kuma yana cikin abin da ya share fagen dokar jariran kamfanoni da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Oktoba na 2022. Na kuma ga idanun ɗaliban da ke zauren nan. Yaron da ya taso yana jin cewa arziki ba ya zuwa sai ta hanyar siyasa ko kwangila, ranar nan ya ji cewa ilimi ma yana da kasuwa. Ba zan raina wannan ba. Ƙorafina shi ne mai ba da labarin ya yanke shi a inda ya fara zama mai amfani gare mu. Abin da ya biyo bayan cinikin, wa ya zauna, wa aka sallama, farashi ya hau ko ya sauka, ina aka kai bayanan masu hulɗa, shi ne babin da ɗan Dutsin-Ma ya fi bukata, domin a wannan babin yake zaune.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a ruɗe mu da bikin yanke ƙyalle ba, domin muna da Zobe. An kammala madatsar ruwan a 1983, a zamanin Shugaba Shehu Shagari. A takarda labarin ya ƙare a nan: an gina, an tara ruwa. A ƙasa kuwa ruwan ya kwanta yana kallon garuruwan da ke sayen jarka a hannun 'yan garuwa, kuma sai a watan Yuli na 2021 aka ƙaddamar da aikin tura shi ta bututu. Shekara 38 tsakanin samun ruwa da fara kai shi. Duk wanda ya girma a gefen Zobe ya san wanne ne ya fi wuya a cikin biyun, kuma ya san cewa labarin da ya tsaya a kan na farkon bai kai rabi ba.

Ba na kira a yi watsi da labarin don baƙo ne. Manazarta sun daɗe da nuna cewa Imam kansa ya ɗebo daga labaran Larabawa da na Turawa, amma ya jiƙa su da ruwan Hausa har suka zama namu, ya sa musu fada da liman da kasuwa da abokin gaba mai ban dariya. Abin da ya yi wa tatsuniyoyin wasu shi nake jira wani ya yi wa wannan. A iya karatuna na ƙagaggun labaranmu na yanzu, attajiri yakan fito da dukiyarsa a kammale, daga gado ko daga ofis, ba a cika nuna mana yadda aka ƙulla ta ba. Ina son in karanta littafin da tauraruwarsa ɗaliba ce a Dutsin-Ma, ta ƙirƙiri manhajar da ke haɗa masu noman rani na bakin Zobe da dillalan Katsina, sabis ya ɗauke mata wata uku, ta tsira da ƙyar, sannan wani kamfani daga Legas ya zo da tayin da zai canza rayuwar gidansu. Ina son marubucin ya sa wannan tayi a tsakiyar littafi, ya bar ta ta karɓa in ta ga dama, domin ba laifi ba ne, sannan ya bi ta har gida. Ya nuna mana fuskar mahaifinta lokacin da maƙwabta suka zo jaje don sun ji ta sayar da sana'arta. Ya kai mu wurin manomin da ya amince da ita don ya san kakanta, ranar da ya kira lambar da ya saba kira, wata murya ta amsa masa da Turanci.

A ranar taron nan, bayan tafi ya lafa, an ba da damar tambaya. Wata ɗaliba daga can baya ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ce, "Malam, to bayan sun sayar, su masu shagunan da ke amfani da abin, me ya same su?" Mai jawabin ya yi murmushi, ya ce tambaya ce mai kyau, ya dubi agogonsa. Shugaban taro ya ce lokacin sallar La'asar ya yi, aka tashi.